MASU ƘIDAYAR ZAZZAƁI: YADDA AKE TARE ANNOBA TUN DAGA ALAMUNTA A ƘASAR DUTSE

Kowace ranar Litinin da safe, tun kafin marasa lafiya su cika benci, akwai wani ɗan aiki da ake bukatar malamin asibiti ya yi a kowane ƙaramin asibiti na ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, da Buji, da Gwaram, da Jahun, da Miga. Zai buɗe babban littafin nan da ake rubuta waɗanda suka zo neman magani, ya bi shi layi-layi tun daga Litinin ɗin da ta wuce har zuwa Lahadi, yana ƙirgawa. Mutum nawa ne suka zo da zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar wuya? Nawa ne suka zo da gudawa tsululu kamar ruwan shinkafa? Yara nawa ne zazzaɓi ya kama su sa'an nan ƙuraje suka feso musu? Akwai yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya? Akwai wanda idonsa ya yi ɗorawa bayan zazzaɓi?

Idan ya gama sai ya cika takardar mako, ya aika wa jami'in lura da cututtuka na Ƙaramar Hukumarsa. Shi kuma jami'in ya haɗa na dukkan asibitocin da ke ƙarƙashinsa, ya miƙa wa ofishin da ke bin sawun annoba a Ma'aikatar Lafiya ta Jiha a Dutse, daga nan kuma a wuce da shi Abuja, wurin Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC. Ko da malamin bai sami mutum ko ɗaya ba, ba a yarda ya yi shiru ba. Dole ne ya rubuta sifiri ya aika, domin shiru yana iya nufin lafiya lau, yana kuma iya nufin an kulle asibitin an tafi gona.

Abin lura a nan shi ne, a cikin tambayoyin nan duka ba a ce wa malamin ya faɗi sunan cutar ba. Alamu kawai aka ce ya ƙirga. Wannan shi ne abin da masana harkar lafiyar jama'a suke nufi da sa ido kan cuta ta hanyar alamunta, kuma a kansa ne tsaron lafiyar mutanen Jihar Jigawa, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna sun haura miliyan 4.3, ya dogara ƙwarai, ko da yake mafi yawansu ba su san ana yi ba.

ME YA SA BA A JIRAN GWAJI?

Dalilin bai wuce lokaci ba. Kafin a tabbatar cewa mutum yana da sanƙarau sai an sa allura an ɗebo ruwan ƙashin bayansa, an zuba a kwalba ta musamman, an ɗauke ta zuwa ɗakin gwaji, wani lokaci har babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Wannan yana cin kwanaki. Sanƙarau kuwa yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kwalara ma tana iya gamawa da ƙato cikin 'yan sa'o'i in ba a sa masa ruwa ba. Hukumar da ta ce sai ta ga sakamakon gwaji kafin ta motsa, to, sai dai ta isa ƙauyen a lokacin zaman makoki.

Saboda haka aka tsara wa kowace cuta mai haɗari 'yan alamu kaɗan waɗanda ko wanda bai yi karatun likita ba zai iya ganewa. Zazzaɓi na farat ɗaya tare da sandarewar wuya ko gushewar hankali, ko kumburin maɗiga ga jariri, ana ɗaukarsa a kan zaton sanƙarau. Zazzaɓi da ƙuraje tare da tari, ko mura, ko jan ido, zaton ƙyanda ke nan. Zazzaɓi da shawara ta biyo bayansa cikin mako biyu, zaton zazzaɓin shawara. Ciwon maƙogwaro da wani farin abu ya manne a ciki, zaton mashaƙo. Irin waɗannan ba a ma jiran Litinin: ƙa'ida ita ce a sanar cikin awa 24, a kuma je a bincika cikin awa 48. Gwaji yana nan zai biyo baya, amma aiki ya riga ya fara.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin En'e yana cikin aikin mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, idan agana ta ɓulla ko mace-mace suka yi yawa. Hasali ma, dabarar da aka kawar da agana da ita daga duniya a nan Nijeriya aka fara gwada ta. Cikin watan Disamba na 1966, a yankin Ogoja, wani likita ɗan Amurka mai suna William Foege ya ga allurar da ke hannunsa ba za ta ishi kowa ba, sai ya nemi 'yan mishan da ke ƙauyuka su aika mutane su gano inda masu ƙurajen suke, su sanar da shi ta rediyo, shi kuma ya yi wa waɗanda ke kewaye da su lamba. Ba gwaji aka yi ba, fuskar mara lafiya aka duba. Cikin 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa agana ta ƙare.

Tsarin takardun da ake cikawa a yau kuwa, wahala ce ta haife shi. Cikin 1986 zazzaɓin shawara ya ɓarke a Oju ta Jihar Binuwai, ya kashe dubban mutane kafin labari ya isa inda ya kamata. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa tsarin sanar da cututtuka cikin 1988, watau shekara uku kafin a yanke Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga watan Agusta, 1991. Bai hana abin da ya faru cikin 1996 ba, shekarar da dattawan Arewa ba su mance da ita ba: sanƙarau ya kama mutum sama da 109,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana 'yan Nijeriya shiga aikin Hajji a wannan shekara. Cikin 1998 ƙasashen Afirka suka amince da wani sabon tsari da ya haɗa sa ido kan cututtuka duka wuri ɗaya, Nijeriya ta karɓe shi cikin 2001. An kafa NCDC cikin 2011, dokarta kuwa sai cikin watan Nuwamba na 2018 aka sa mata hannu.

DARASIN SHAN-INNA

Idan ana neman inda wannan aiki ya fi kyau a Arewa, sai a dubi yaƙin da aka yi da shan-inna. A nan ma ba a ce a nemo masu cutar ba, domin babu mai iya gane ta da ido. Cewa aka yi a nemo duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ko mene ne sanadi. Da an same shi sai a karɓi bayan-gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 daga ranar da abin ya same shi, a sa a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri.

Akwai wata hikima a cikin tsarin wadda ta cancanci ɗalibai su tsaya su dube ta. An san cewa ko babu shan-inna sam, akwai wasu cututtuka da ke sa gaɓar yaro ta saki. Saboda haka aka sa ma'auni: kowace shekara, a cikin kowane yara 100,000, ya kamata a samo aƙalla biyu masu irin wannan shanyewa wadda ba ta shan-inna ba ce. Ƙaramar Hukumar da ta ce ba ta sami ko ɗaya ba, ba yabonta ake yi ba, tuhumarta ake yi, domin alama ce ta cewa ba ta nema. Da wuya a sami wani aikin gwamnati da aka yi masa irin wannan tarko na kama malalaci.

Wani abin da masu wannan yaƙi suka gane da wuri shi ne, uwar da ƙafar ɗanta ta shanye ba asibiti take fara zuwa ba. Sunan cutar ma ya nuna inda tunanin jama'a yake: Inna ce ta sha ƙafar. Wurin mai magani za ta, ko wurin maɗori, ko malami, ko mai kemis na bakin kasuwa. Maimakon a yi faɗa da waɗannan mutane sai aka jawo su, aka koya musu alamar, aka mai da su masu kai rahoto. Sarakuna ma suka shigo, musamman bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya cikin 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar. An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta shanye a Nijeriya cikin 2016, a Jihar Borno, kuma ran 25 ga watan Agusta, 2020 aka tabbatar wa Afirka duka ta rabu da wannan ƙwayar. Neman yara masu shanyewar gaɓa dai bai tsaya ba, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Mutanen da aka horas da babura da wayoyin da aka saya domin shan-inna su ne kuma aka dogara da su lokacin da cutar Ebola ta shigo Ikko ran 20 ga watan Yuli, 2014. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh wadda ta ƙi sallamar baƙon da ya shigo da ita. Cikin wata uku aka shawo kanta.

BAZARA DA DAMINA

A Jigawa shekara tana da ƙofofi biyu da annoba ke shigowa ta cikinsu. Ta farko ita ce daga hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunana maƙogwaro, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Lokacin sanƙarau ke nan. Ta biyu ita ce damina, sa'ad da ruwa ke kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Lokacin amai da gudawa ke nan.

Ga sanƙarau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka biyu. A yankin da ke da mutum 100,000, idan aka sami mutum 3 masu alamun cikin mako ɗaya, an kai iyakar faɗakarwa: a sanar da hukuma, a ɗebi ruwan gwaji, a duba maganin da ke ajiye, a kuma leƙa maƙwabta. Idan suka kai 10 cikin mako ɗaya, an shiga annoba, sai a nemi allurar rigakafi a yi wa jama'a cikin gaggawa. A ƙaramin wuri da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako sun isa faɗakarwa, 5 sun isa annoba.

A nan ne lissafi yake iya yaudarar ma'aikaci. Ƙaramar Hukumar Dutse tana da mutum wajen 250,000 tun a ƙidayar 2006. A ce mutum 6 sun kamu cikin mako guda a mazaɓa ɗaya mai mutum 20,000. In aka auna su da mutanen mazaɓar, annoba ce ta riga ta kama. In aka auna su da mutanen Ƙaramar Hukumar duka, ko iyakar faɗakarwa ba a kai ba, jami'i zai sa hannu ya rufe fayil da zuciya ɗaya. Shi ya sa ake son a riƙa rarraba manyan yankuna ana duba ƙidayar kowane sashe daban. Aiki ne na fensir da takarda, amma rayuka ne a cikinsa.

Jigawa tana cikin jihohi biyar na farko da aka yi wa sabuwar allurar sanƙarau nau'in A cikin watan Disamba na 2011, tare da Zamfara, da Katsina, da Bauci, da Gwambe. Allurar ta yi aiki, nau'in A ya kusan ɓacewa. Amma sai nau'in C ya maye gurbinsa. Cikin 2017 ya kashe mutum sama da 1,100, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato. Daga watan Oktoba na 2022 zuwa tsakiyar Afrilu na 2023 kuwa, Nijeriya ta ƙirga mutum 1,686 da ake zaton sun kamu, 124 suka rasu, kuma kashi 74 cikin 100 na masu cutar a Jigawa suke. Abin ya fi tsanani a arewacin Jihar, wajen iyaka, domin a daidai wannan lokaci ana fama da ita a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Wanda ya san yadda kasuwar Maigatari take cika ran Alhamis, ya kuma san motocin da ke tasowa daga can zuwa Dutse da Shuwarin, ya san cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Cikin watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da wata allura mai kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da cutar ta taɓa a wannan kaka.

Ta fuskar damina, shekarar 2021 ita ce mafi muni a 'yan shekarun nan. NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton kwalara ta kama a ƙasar nan, fiye da 3,600 suka rasu. Jigawa ce ta zo ta biyu bayan Bauci, da mutum sama da 15,000. Kalmar "zato" tana da muhimmanci a nan, gama kaɗan ne daga cikinsu aka yi wa gwaji. Da alamu aka ƙirga su, da alamu kuma aka ba su magani. Akwai wata tsohuwar ɗabi'a ta hukumomi a ƙasashe da yawa, ta gudun ambaton sunan kwalara, sai a ce ai amai da gudawa ne kawai. Ƙidayar alamu tana rage wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin ko da wane suna aka kira cutar, mutum 40 masu gudawa a ƙauye ɗaya sun isa a tura ruwa da magani.

ABIN DA BA YA CIKIN TAKARDA

Wani lokaci abin da ke kashe mutane ba ya cikin jerin da aka ba malamin asibiti. Cikin watan Maris na 2010 wasu ma'aikatan Ƙungiyar Likitocin Sa-kai ta Duniya, MSF, suna zagayen neman masu sanƙarau a Jihar Zamfara, sai suka tarad da ƙauyuka a Ƙananan Hukumomin Bukkuyum da Anka inda ƙananan yara ke jijjiga suna mutuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi ba. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar darma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Ba domin wani ya tsaya ya ce mace-macen nan sun wuce ƙima ba, da sai a ɗora wa zazzaɓi laifi a wuce.

Haka kuma cikin watan Afrilu na 2020 a birnin Kano, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawo musu sun fi na kullum yawa, alhali kuwa ɗakin gwajin cutar korona bai nuna wani abin tashin hankali ba. An ji irin wannan labari daga Haɗejiya da Azare. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a Ƙananan Hukumomi takwas na birnin Kano, kuma binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan ya nuna mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da nasaba da cutar. Mai gadin maƙabarta, da limamin da ke sallar gawa, da mai sayar da likkafani, duk suna riƙe da ƙidayar da babu ita a kowane ofis.

BARIKI DA GARI

Sojoji sun daɗe da sanin darajar wannan aiki, domin cuta ta sha cin rundunar da abokan gaba suka kasa ci. Bariki wuri ne da ake tara samari daga sassa daban-daban, su kwana ɗaki ɗaya, su ci a tukunya ɗaya, sa'an nan a kwashe su zuwa wani wuri. Murar nan ta 1918 tana cikin wuraren da aka fara ganinta har da wani sansanin soja a Jihar Kansas ta Amurka, jiragen ruwa masu jigilar mayaƙa kuma suka taimaka wajen yaɗa ta. Ta sauka Ikko cikin watan Satumba na wannan shekara, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, masana tarihi kuwa sun kiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. A zamaninmu ma, kwalarar da ta ɓarke a ƙasar Haiti cikin 2010, ta kashe mutum kusan 10,000, daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito. Sai cikin watan Disamba na 2016 Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen ƙasar.

Sojojin Amurka suna cikin waɗanda suka ɗora ƙidayar alamu a kan kwamfuta da gaske. Cikin 1999 cibiyar binciken lafiya ta soja mai suna Walter Reed ta fara wani tsari da aka sa wa suna ESSENCE a asibitocin soja na kewayen birnin Washinton. Kowace rana na'ura tana tattara dalilan da suka kawo mutane asibiti, ta kasa su gida-gida, kamar ciwon numfashi, da ciwon ciki, da zazzaɓi, da ƙuraje, ta kwatanta da abin da aka saba gani a irin wannan lokaci, in ya wuce ƙima ta yi gargaɗi. Bayan hare-haren 11 ga watan Satumba, 2001 aka faɗaɗa shi zuwa asibitocin sojan Amurka a duniya. Sa'an nan, tare da Jami'ar Johns Hopkins, aka haɗa shi da na farar hula: asibitocin gari, da cinikin magani a kantuna, da yawan yaran da ba su zo makaranta ba. Sun koyi amfanin kantunan magani ne tun cikin 1993 a birnin Milwoki, inda gurɓataccen ruwan famfo ya sa wa mutum wajen 400,000 gudawa, kuma cikin alamun farko har da ƙarewar maganin gudawa a kantuna. Cikin watan Afrilu na 2009 kuwa, wani ɗakin binciken sojan ruwa a birnin San Diyego ne ya fara tsinkayar baƙuwar ƙwayar murar da ta game duniya a wannan shekara, a jikin yara biyu.

Amma fa kada a ɗauka na'ura ita ce komai. Lokacin da aka aika da ƙwayar cutar nan ta dabbobi, antiraks, cikin wasiƙu a Amurka a ƙarshen 2001, mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu, wani likita ne a Jihar Fulorida ya gane ta da ya dubi ruwan ƙashin bayan majiyyacinsa. Mutum 22 ba su isa su motsa ƙidayar ƙasa mai mutum miliyan ɗaruruwa ba.

A nan gida, Ma'aikatar Tsaro ta Nijeriya tana da haɗin gwiwa da ita wannan cibiya ta Walter Reed tun daga 2005, wanda aka fara da yaƙi da cutar ƙanjamau, ya kuma kai ga kafa babban ɗakin gwaji na soja a Abuja. Asibitocin bariki ba soja kaɗai suke dubawa ba, har da iyalansu da mutanen unguwannin da ke kewaye. A Borno kuwa, bayan da shan-inna ta sake ɓulla cikin 2016 a wuraren da ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga saboda Boko Haram, soja da 'yan ƙato-da-gora ne suka riƙa raka masu rigakafi, a wasu wuraren ma sojojin da kansu aka koya wa ɗiga maganin da kuma tambayar ko akwai yaron da gaɓarsa ta saki.

Dutse ba fagen yaƙi ba ce, amma tana da wuraren da ke da halin bariki. Akwai sojoji da 'yan sandan da ake canza wa wurin aiki daga kowace kusurwa ta ƙasa. Akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Fanisau, inda ake tara samari da 'yan mata daga jihohi daban-daban na tsawon mako uku. Akwai ɗakunan kwanan Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa cikin 2011, da makarantun kwana, da gidan gyaran hali, da tsangayu, da maniyyatan da ke taruwa a filin jirgin sama. A irin waɗannan wurare ƙa'idar sanƙarau ta fi tsanani: mutum 2 kacal da gwaji ya tabbatar cikin mako ɗaya sun isa a yi wa kowa allura. Abin da ya sami ɗaliban wasu makarantun kwana a yankin Fataskum ta Jihar Yobe a farkon 2024, inda sanƙarau ya kashe da dama daga cikinsu, bai yi nisa da Jigawa ba.

Matsalar ita ce kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana da nasa shugaban da nasa layin umurni. Likitan bariki yana amsa wa kwamandansa, malamin jinya na makaranta yana amsa wa shugaban makaranta, kuma ɗabi'ar kowace hukuma ce ta so gyara abinta a cikin gida kafin na waje su ji. Soja yana da hujjar ɓoye yawan dakarunsa, wannan ba abin musu ba ne. Amma yawan masu gudawa a wannan mako ba asirin yaƙi ba ne, kuma matar soja a kasuwa ɗaya take cefane da matar malamin makaranta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Idan takardar Litinin ba ta fito daga asibitin bariki, da na makaranta, da asibitocin kuɗi ba, to, ƙidayar da ta isa teburin Kwamishina guntuwa ce.

INDA IGIYAR TAKE TSINKEWA

Tsarin yana da rauninsa na asali. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibiti kowace damina, zazzaɓi kaɗai ba ya nuna komai, kuma sau da yawa za a tashi mota a ƙona mai a je ƙauye a tarar ba annoba ba ce. Ma'aikacin da ya yi irin wannan tafiya sau uku yana iya yin nawa a ta huɗu, wadda mai yiwuwa ita ce ta gaske. Har wa yau, littafin asibiti ba ya ƙirga wanda bai zo asibiti ba. Manyan asibitoci irin su Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da Babban Asibitin Jahun, galibi sai ciwo ya yi tsanani ake kai musu mutum, watau bayan ya yi kwanaki a gida yana shan abin da mai kemis ya ba shi.

Tun daga 2017 NCDC ta fara amfani da wani tsari na wayar hannu da kwamfuta mai suna SORMAS, wanda aka ƙirƙira bayan Ebola, domin rahoto ya isa Abuja nan take maimakon ya bi mota. An kuma ware lamba 6232 da kowa zai iya kira kyauta ya ba da labarin wata baƙuwar cuta. Duk wannan ci gaba ne. Amma waya ba ta ƙirga komai da kanta. Sai malamin asibiti ya rubuta alamun daidai a littafi, sai jami'in Ƙaramar Hukuma ya sami man babur da zai kai shi Gwaram ko Miga cikin awa 48, sai an sami ƙanƙarar da za a sa kwalbar gwaji, sai kuma sakamakon ya komo wa wanda ya aika, domin mai kai rahoton da bai taɓa jin abin da rahotonsa ya haifar ba yakan gaji ya daina. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne, kuma shekaru da yawa ƙungiyoyin waje masu yaƙi da shan-inna ne suka ɗauki kaso mai tsoka daga cikinsu. Yanzu da tallafin waje yake ja da baya, nauyin yana komowa kan kasafin kuɗin Jiha da na Ƙananan Hukumomi 27, inda man babur ɗin jami'in lura da cututtuka zai yi gogayya da ginin kwalbati da sayen motocin ofis.